Tuƙin mota mai giyar hannu da jan ƙafa huɗu a dusar ƙanƙara, da yadda ake zamiya da ita

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Katsina, ba ta sauka a Daura. Iyakar abin da hunturun Disamba da Janairu yake yi mana shi ne hazo, da fason ƙafa, da motar da take ɗan jan rai kafin ta tashi da asuba. Amma 'yan'uwanmu suna tafiya karatu da aiki Rasha, Kanada, Jamus, Suwidin da Finland, kuma da yawansu da sun ɗan zauna sai su sayi mota. Direban da ya goge da rairayin ƙauyukan Mashi da Mai'adua, ya kuma sha taɓon damina a hanyar da ba kwalta, ya riga ya ci rabin karatun, domin ya san yadda mota take idan ƙasa ta ƙi riƙe taya. Sauran rabin ne ke kayar da mutane. Wasu ɗabi'un da suke cetonka a rairayi su ne suke jefa ka a rami a kan ƙanƙara.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne wannan: jan ƙafa huɗu yana taimaka wa mota ta tashi, ba ya taimaka mata ta tsaya. Kowace mota a duniya birkin ƙafa huɗu gare ta, ko da ƙafa biyu take ja. Saboda haka mai jan huɗu tana fizga a dusa kamar tana kan kwalta, direba ya saki jiki, sai ya zo kwana ko mahaɗar hanya ya tarar birkinsa daidai yake da na kowa. A gudun kilomita 50 a awa, mota tana tsayawa cikin kimanin mita 14 a busasshiyar kwalta daga lokacin da birki ya kama. A dusar da motoci suka tattake, sai ta ci mita 40 zuwa 50. A kan zallar ƙanƙara tana iya kai wa mita 100. Dokar hanya ta Ingila ma cewa ta yi tazarar tsayawa a ƙanƙara tana iya ninka ta busasshiyar hanya sau goma.

Ka san irin jan huɗun da ke ƙarƙashinka

Ba duk abin da ake kira fowil ne iri ɗaya ba, kuma bambancin shi ne zai gaya maka abin da motar za ta yi idan ta fara zamewa.

Akwai irin na Hilux da ire-irenta, mai sanda ko maɓalli da aka rubuta 2H, 4H da 4L. Wannan ba shi da na'urar raba juyi a tsakiya. Da ka sa 4H, farfelar gaba da ta baya sun ƙulle, dole su juya daidai. A dusa da rairayi wannan alheri ne. A busasshiyar kwalta kuwa, idan ka sha kwana ƙafafun gaba suna bin hanya mafi tsawo fiye da na baya, ƙarfe ya ɗaure, ka ji sitiyari ya yi nauyi mota tana tsalle-tsalle, daga nan sai asarar haƙoran giya. Ka sa 4H idan hanya ta rufe da dusa, ka cire da zarar kwalta ta bayyana.

Akwai mai jan huɗu ko da yaushe. Subaru masu giyar hannu na gama-gari suna raba ƙarfi rabi da rabi, da wani gwangwani mai ruwa mai kauri a tsakiya wanda yake daɗa ƙullewa idan wani ɓangare ya fara juyi a banza. Audi masu quattro na asali suna amfani da na'urar Torsen, tsofaffin rabi da rabi, na baya-baya kashi 40 gaba, 60 baya. Subaru WRX STI ta shekarun 2010 tana tura kashi 41 gaba, 59 baya, kuma direba yana iya saita ƙullin tsakiyar da hannunsa. Waɗannan su ne suka fi daɗin sarrafawa a santsi, domin abin da suka yi jiya shi za su yi yau.

Sai na uku, wanda ya fi yawa a kasuwa: motar da a zahiri da gaba take ja, sai gaba ya zame sannan wani kuloci ya haɗa baya. Haka Honda CR-V take, haka Golf da Audi A3 masu tsarin Haldex. Suna fita daga dusa lafiya lau, amma a kwana halinsu na mai jan gaba ne: goshi yake fara ƙin juyawa, kuma taimakon baya yakan zo da ɗan jinkiri. Idan ka matsa musu da juyin taya na tsawon lokaci, kulocin nan yana zafi, kwamfutar mota ta yanke jan baya gaba ɗaya sai ya huce.

Taya

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ka sa shi a taya. Robar tayar bazara tana fara taurarewa da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, kafin ma a ga dusa. Tayar hunturu robarta laushi gare ta, kuma an yi mata ƙananan tsage-tsage masu yawa da suke cizon dusa. Alamar ta ainihi ita ce hoton dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusa a cikinsa, a gefen tayar. Rubutun M+S kaɗai bai isa ba. Jamus ta daina karɓarsa a matsayin tayar hunturu tun Oktoban 2024. Mota mai jan gaba da tayar hunturu ta fi mai jan huɗu da tayar bazara tsayawa da shan kwana, nesa ba kusa ba.

Dokoki sun bambanta. A Kebek ta Kanada tilas ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Suwidin daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris idan hanya tana cikin yanayin hunturu, zanen kuma kada ya gaza milimita 3. A Rasha watannin Disamba, Janairu da Fabrairu ne, zane milimita 4. Taya mai ƙusoshi ta fi kowace riƙe ƙanƙara, ana amfani da ita a Rasha da Finland da Suwidin, amma Jamus ta haramta ta.

Ga inda ɗabi'ar gida take cutarwa. A nan mun saba idan taya ɗaya ta fashe a je wajen mai faci ko mai gwanjo a ɗauko ko wace iri a ɗaura. Mai jan huɗu ba ta yarda da wannan. Tayoyi huɗun su zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, kuma bambancin cinyewar zanensu kada ya wuce milimita biyu. Idan ɗaya ta fi sauran girma, na'urar tsakiya tana ɗauka zamewa ake yi, ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. Sannan kada ka rage iska. A rairayi kana sauke iska zuwa 16 ko 18 don taya ta baje ta hau saman yashi. A titin dusa so ake taya ta nutsa ta ciji abin da ke ƙasa, don haka ka bar iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Ka riƙa aunawa duk sati biyu, domin duk saukar sanyi da digiri 5 zuwa 6 yana rage ma'aunin iska da ɗaya.

Kafin ka tada mota

Ruwan famfo a lagireto, wanda motoci da yawa a Katsina ke yawo da shi, kashe injin ne a can. Ruwa idan ya daskare kumbura yake, ya tsaga lagireto, wani lokaci har gangar injin. Ruwan sanyaya injin da aka haɗa rabi da rabi yana jure wa har kusan digiri 37 ƙasa da sifili. Haka nan cire tamostat da bakanikenmu ke yi saboda zafi: a can injin da ba shi da ita ba zai taɓa ɗumi ba, hita ba za ta ba da iska mai zafi ba, gilas kuma ba zai washe ba. Baƙin mai ya zama 0W ko 5W kamar yadda littafin motar ya ce, ba 20W-50 da muka saba ba, wanda a sanyi yake komawa kamar man shanu. Batir yana rasa kusan rabin ƙarfinsa a digiri 18 ƙasa da sifili. Idan ya haura shekara huɗu a gwada shi kafin hunturu. Ruwan wanke gilas ma na hunturu ake zubawa.

Ka taka kuloci yayin tayarwa don kada sitata ta juya giyabos mai daskararren mai. Minti ɗaya ko biyu ya isa ɗumama, sauran a hanya a hankali. Idan giya ta biyu ta yi tauri da farko, kada ka danna da ƙarfi; man giya ne bai saki ba. Ka share dusar duka, har rufin mota da fitilu. A but ka ajiye shebur, makankarin gilas, igiyar ja, wayar haɗa batir, bargo da ɗan buhun yashi. Kuma ka kakkaɓe tafin takalminka kafin ka shiga, domin takalmi mai dusa yana sulluɓewa daga kan kuloci.

Tuƙin yau da kullum

Taya tana da ɗan riƙo kaɗan, kuma wannan ɗan riƙon ake rabawa tsakanin ja, birki da kwana. Idan ka kashe shi duka a birki, babu saura na kwana. Duk tuƙin dusa a kan wannan ya tsaya: aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Ka gama birki mota tana miƙe, ka saki, ka juya sitiyari, sai ka ga mafita sannan ka ƙara totur.

Wajen tashi, ka saki kuloci a hankali injin yana juyi 1,200 zuwa 1,500 a minti, kusan ba totur. Idan tayoyi suka juya a banza, ka koma giya ta biyu ka tashi da ita, domin ta fi rage ƙarfin da ke isa taya. Ka hau giya ta gaba da wuri, ka bar injin yana tafiya ƙasa-ƙasa.

Sauko da giya shi ne wurin da mai giyar hannu ya fi samun matsala. Idan ka fito daga ta uku zuwa ta biyu ka saki kuloci farat ɗaya, injin yana riƙe tayoyi kamar an taka birki, kuma ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki, ba ta da iko a kan wannan. Mota sai ta zame ba ka taɓa birki ba. Maganinsa: kana taka kuloci, ka ɗan taɓa totur juyin injin ya tashi da kamar 800 zuwa 1,000, sannan ka saki kuloci a hankali. A gangara ka zaɓi giyar tun kana sama, ta biyu ko ta uku, ka sauka da ita kana taɓa birki sama-sama. Saka furi a gangara don tsimin mai, wanda direbobin haya suka mayar al'ada, a dusa ganganci ne. A hawa kuwa ka ɗebo ɗan gudu tun daga ƙasa, ka riƙe totur wuri ɗaya, kada ka canza giya a tsakiya.

Idan motar tana da ABS kuma tsayawar gaggawa ta kama, ka taka birki da kuloci tare da ƙarfi, ka riƙe. Za ka ji feda tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka tana gurnani. Aikinta ke nan, kada ka saki. Idan babu ABS, ka taka har ka ji taya tana shirin ƙullewa, ka ɗan sassauta, ka sake. Tazararka da na gabanka ta zama daƙiƙa 8 zuwa 10.

Ƙanƙara ta fi santsi a kusa da sifili, lokacin da ɗan ruwa ke kwance a samanta, fiye da a tsananin sanyi. Mafi sharri ita ce siririyar ƙanƙarar da ba a gani, wadda take kama da jiƙaƙƙiyar kwalta. Tana fara kama gadoji, saboda iska tana bi ta ƙarƙashinsu, da wuraren inuwa, da bakin fitilun ba da hannu inda tayoyi suka goge dusa ta koma madubi. Alamarta biyu: ƙarar taya ta ɗauke ɗif, sitiyari kuma ya yi sakayau a hannu. Idan ka ji haka kada ka yi komai da sauri. Ka ɗan ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe har ka wuce.

Zamewa iri biyu ce. Ta farko, ka juya sitiyari mota ta ƙi kwana, ta ci gaba a miƙe. Hannu zai so ya ƙara juyawa, kuma wannan shi ne kuskuren, domin tayar da ta riga ta sulluɓe ƙarin juyi ƙara mata sulluɓewa yake. Ka saki totur, ka ɗan warware sitiyari har ka ji gaba ya kama, sannan ka sake shiga. Ta biyu, baya ya ƙwace ya nufi waje. Ka kalli inda kake so ka je, ka juya sitiyari can, kada ka taka birki, kuma kada ka saki totur gaba ɗaya.

Zamiya da gangan

Yanzu ga abin da masu wasan mota ke kira dirif, wato ka sa bayan mota ya fita da niyya, ka riƙe shi a haka har ka gama kwana. A dusa aka fi koyonsa da sauƙi, domin mota tana zamewa a gudun kilomita 25 zuwa 40, taya ba ta cinyewa, ƙarfe ba ya shan wahala. Ba don burga kaɗai ake koya ba. Wanda ya zame sau ɗari da gangan a fili, ranar da zamiya ta zo masa ba shiri hannunsa ya riga ya san amsa.

Amma a fili ne, ba a titi ba. Mun san abin da wasan mota a rakiyar amarya da ranakun Sallah yake jawowa a garuruwanmu, kuma mai tsayuwa kallo ne yakan biya. A ƙasashen sanyi yin haka a hanya ko a wurin fakin na jama'a yana jawo tara, a wasu wuraren har da ƙwace lasisi. Akwai filayen koyo da aka tanada. A Suwidin da Finland darasin tuƙi a santsi yana cikin sharuɗɗan samun lasisi, a garin Arjeplog na arewacin Suwidin kuwa a kan daskararrun tafkuna kamfanonin mota ke gwajin motocinsu. Kada ka hau tafki da kanka. Ƙaramar mota tana buƙatar ƙanƙara mai kauri kusan santimita 30, kuma ido ba ya aunawa. Kowane fili ka samu, da izinin mai shi, ka zagaya shi da ƙafa tukuna. Dusa tana ɓoye dakalin siminti da murfin kwata, kuma tayar da ta bugi dakali a kaikaice tana lanƙwasa wili da ƙafar mota nan take. Doguwar mota irin Hilux ko Prado ba ta wannan aikin ba ce: idan tana zamewa a kaikaice taya ta samu wurin riƙo kwatsam, kifewa take.

Ka gyara zama yadda za ka taka kuloci har ƙasa gwiwa ba ta miƙe ba. Hannaye a ƙarfe tara da ƙarfe uku na agogo. Ka kashe na'urar hana zamewa, wadda Subaru ke kira VDC, Toyota VSC, Volkswagen ESP. A motoci da yawa taɓawa ɗaya rabinta kawai yake kashewa, sai ka danne maɓallin na 'yan daƙiƙu. Giya ta biyu, kuma a cikinta za ka zauna.

Ka fara da da'ira. Ka ajiye jarka a tsakiyar fili, ka riƙa zagaya ta da nisan mita 10 zuwa 15, kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan har ka ji goshi ya fara buɗewa waje. A nan ne za ka gane halin mai jan huɗu: idan ka ƙara totur yanzu, ba baya ne zai fita ba, gaba ne zai daɗa turewa. Dole ka fara juya motar kafin ka ba ta wuta, kuma da nauyinta ake juya ta. Ka saki totur farat ɗaya sitiyari yana a juye. Nauyi zai faɗa kan tayoyin gaba su ciji ƙasa, baya ya yi sakayau ya fara zagayowa. Ka ba shi lokaci. A dusa komai da jinkiri yake zuwa, kamar rabin daƙiƙa zuwa ɗaya, kuma yawancin masu koyo suna komawa kan totur kafin bayan ya motsa. Sai ka ga goshin mota ya dubi jarkar, sannan ka taka, juyin injin 3,000 zuwa 4,000, tayoyi huɗu suna ɗan juyi a banza.

Ga babban bambanci da mota mai jan baya. A mai jan baya kana juya sitiyari sosai zuwa ɓangaren da baya ya nufa, ka riƙe shi a can. A mai jan huɗu tayoyin gaba ma ja suke yi, duk inda ka nuna su can za su ja motar. Idan ka juya da yawa, nan take za su fizge ta ta miƙe, zamiya ta mutu, ko ta watsa ka ɗaya ɓangaren. Don haka gyaran sitiyari kaɗan ne, kwata na zagaye ko ƙasa da haka, sau da yawa ma kusan a miƙe yake zama. Da ƙafa ake tuƙa sauran. Ƙarin totur yana buɗe da'irar, yana kuma miƙar da mota. Ragin totur yana matse da'irar, yana ƙara fito da baya. Ido kuma a kan jarka, ta gilashin gefe idan ta kama, ba a kan bonet ba. Mota inda ido ya tafi take bi, shi ya sa wanda ya ƙura wa tudun dusa ido shi yake bugawa.

Idan sakin totur bai isa ba, ka haɗa da ɗan taɓa birki yayin da kake shiga kwana, taɓawa ɗaya mai laushi ka saki. Idan wannan ya zauna, sai salon da direbobin tseren daji na Finland da Suwidin suka yi suna da shi. Kana tunkarar kwanar hagu a gudun 35 zuwa 40, sai ka ɗan karkata dama, ka saki totur, sannan ka dawo da sitiyari hagu da hanzari. Nauyin motar yana lilo daga gefe zuwa gefe kamar ruwa a cikin tulu, lilon dawowar ne yake jefa baya waje. Karkatar farko ƙarama ce, faɗin rabin mota ya isa. Mutanen wannan yanki ne suka nuna wa duniya abin da jan huɗu zai iya: Audi Quattro ta fito a 1980, Hannu Mikkola na Finland ya ci gasar duniya da ita a 1983, Stig Blomqvist na Suwidin ya ci a 1984.

Birkin hannu na matsatstsiyar kwana ne, a gudun da bai kai 30 ba. Ka juya sitiyari, ka taka kuloci, ka ja birkin babban yatsa yana danne da maɓalli, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ka sauke, ka saki kuloci da totur. Amma ka tuna gaba da baya a haɗe suke. A WRX STI, da Mitsubishi Lancer Evolution daga ta bakwai, da Toyota GR Yaris, jan birkin hannu yana sakin haɗin tsakiya da kansa, don haka aka gina su. A Subaru ta gama-gari da Audi mai Torsen babu wannan. Kana ƙulle baya ne na'urar tsakiya tana kokawa da kai, kuma yawan yi yana kashe ta. A Hilux da ke 4H birkin hannu ƙafa huɗun yake riƙewa, ba abin da zai juya. Birkin hannu na maɓallin lantarki ba ya wannan aiki sam. Dukan kuloci, wato taka shi a sake shi da ƙarfi injin yana sama, ka bar wa masu jan baya. A mai jan huɗu duk bugun a kan faifan kuloci da shaf yake sauka, kuma a dusa ba ka buƙatarsa.

Fita daga zamiya ta fi shigarta wuya. Da ka ji baya ya daina fita ya fara dawowa, a lokacin za ka fara mayar da sitiyari tsakiya, ba sai ya gama dawowa ba. Idan ka makara, tayoyin gaba suna nan a juye lokacin da baya ya kama ƙasa, sai mota ta yi wurgi da kai ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko. Wannan wurgin na biyu shi ne yake kai mutane rami. Ka riƙe totur daidai har mota ta miƙe. Idan kuwa ta wuce gyara ta fara juyawa, ƙafa biyu ƙasa: kuloci da birki tare, ka riƙe har ta tsaya cak. Kulocin yana hana injin mutuwa, yana kuma hana tayoyi juya shi da baya.

Minti goma ka huta biyar. Iska ba ta shiga lagireto sosai idan mota tana tafiya a kaikaice, dusa kuma tana toshe ragar gaba, saboda haka ka sa ido a kan allurar zafi ko da ana sanyi. Kada ka riƙe sitiyari a ƙarshen juyinsa kana ba da wuta. Famfon sitiyari da kan shaf ne ke shan wahalar. Idan ka ji ƙaurin kuloci, ƙafarka ce ke kwance a kan feda.

Wanda yake gida yana iya fara koyon duk wannan a shimfiɗaɗɗen fili mai jar ƙasa bayan an ɗauke ruwa, nesa da mutane da dabbobi. Sai dai jar ƙasa ta fi dusa riƙo, don haka gudun da ake buƙata ya fi yawa, kuskure ma ya fi tsada. Rairayi mai zurfi bai dace ba ko kaɗan, domin yana taruwa a gefen taya ya tokare ta.

Idan ka maƙale, da bayan an gama

Da ka ji tayoyi suna juyi mota ba ta motsi, ka ɗaga ƙafa. Juyin banza yana narkar da dusa ta koma ƙanƙara a ƙarƙashin taya, ka daɗa nutsewa. Ka sauka ka haƙe gaban tayoyi huɗun da ƙarƙashin cikin mota, domin sau da yawa cikin ne ya hau dusa tayoyi suna reto. Ka miƙar da sitiyari, ka zuba yashi ko ka shimfiɗa tabarmar ƙafa, ka kashe na'urar hana zamewa. Sai lilo: ka ɗan saki kuloci mota ta matsa gaba, ka taka ta gangaro baya da kanta, ka sake saki a daidai lokacin da ta fara dawowa. Kowane lilo yana tsawaita ramin har ta haye. Idan za ka sa ribas, ka bari tayoyi su tsaya tukuna. Igiyar ja a ƙugiyar da aka tanada ake ɗaura ta, ba a ƙafar mota ba. Idan kuma jiran taimako za ka yi injin yana aiki don ɗumi, ka fara tone bakin salansa, ka kuma riƙa dubawa. Hayaƙin da ya rasa mafita cikin mota yake komawa, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, kuma tana kisa.

Kafin ka koma titi ka kunna na'urar hana zamewa, ka cire dusar da ta cushe cikin wili. Idan ka bar ta, a gudun 80 sitiyari zai riƙa karkarwa kamar wili ya lanƙwashe, alhali dunƙulen ƙanƙara ne kawai. Ka fasa wadda ta taru a cikin mudgad kafin ta daskare ta hana taya juyawa, ka taka birki sau uku ko huɗu a hankali don ya bushe. Idan ka yi fakin a wuri mai shimfiɗa cikin tsananin sanyi, ka bar motar a giya ta ɗaya maimakon jan birkin hannu, domin jiƙaƙƙen birki yana daskarewa ya manne kafin safiya. Gishirin da ake watsawa a titunan can yana cin ƙarfe, shi ne tsatsar da kuke gani a ƙarƙashin wasu motocin Kwatano da suka fito daga Kanada, don haka a wanke ƙarƙashin mota duk sati biyu ko uku har hunturu ya fita.